Idan siginar a-kori-kura ta fara ƙiftawa da sauri: yadda ake bin sawun matsalar

Direban da ya saba da motarsa yana gane canjin da kunnensa tun kafin idonsa ya kai ga tablo. Ya tura sandar sigina zai karya kwana, sai ya ji ƙarar ƙas, ƙas, ƙas da ya saba ji a natse ta ninka gudu, koriyar kibiyar da ke gabansa kuma tana ƙiftawa kamar an biyo ta. Da yawa daga cikin masu a-kori-kura a nan Tahoua suna ɗaukar wannan a matsayin halin tsohuwar mota, su ci gaba da tafiya wata da watanni, alhali motar tana sanar da su ne cewa ɗaya daga cikin fitilun gefen da suka kunna ba ta aiki yadda ya kamata. Mai kabu-kabun da ke biye da kai ba ya jin wannan ƙara, kuma ba ya ganin kibiyar tablo. Fitilar baya kaɗai yake dogara da ita, kuma sau da yawa ita ce ta mutu.

Ƙa'idar da masu ƙera motoci ke bi ita ce sigina ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa sau 120 a minti ɗaya, yawanci wajen sau 90. Abin da ke tsara wannan gudu wata ƴar na'ura ce da masu gyaran wutar mota ke kira santiral, wasu kuma su ce rile, wadda ke ɓoye a ƙarƙashin tablo kusa da sitiyari. Aikinta biyu ne: tana yanke wuta tana mayarwa, kuma tana auna yawan wutar da fitilun ke ja. A kowane gefe akwai ƙwai mai wat 21 a gaba, wani mai wat 21 a baya, da ƙaramin mai wat 5 a jikin mota ko a madubi. Jimillarsu wat 47 ke nan, wato kusan amfiya 4 a tsarin volt 12. Idan babban ƙwai ɗaya ya mutu, wutar da ake ja ta ragu da kusan rabi, santiral ta lura da haka, sai ta ninka gudu da gangan don direba ya farga. Saboda haka duk binciken da za a yi amsar tambaya ɗaya yake nema, wato a ina ne wuta ta ragu a wannan gefe.

Mataki na farko: gane gefen, gane fitilar

A ajiye motar a inuwa, domin hasken ranar Tahoua yana iya ɓoye fitilar da ke ci da rauni har ka ɗauka ta mutu, ko ka ga walƙiyar gilashi ka ɗauka tana ci. A ja birkin hannu, a murɗa makulli ba tare da an ta da inji ba, a kunna siginar hagu a saurara, sannan ta dama. Idan gefe ɗaya ne ke gudu, matsalar tana kan fitilu ko wayoyin wannan gefe. Idan duka biyun ne, hankali ya koma kan abin da suka yi tarayya a kai, kamar santiral, ko sababbin ƙwayayen da aka sa a gefen biyu lokaci guda.

Daga nan sai a fita a zagaya motar sigina tana kunne, a duba gaba, a duba gefe, a duba baya. Kada a tsaya ga tambayar ko tana ci. A kwatanta haskenta da na takwararta ta ɗaya gefen. Hanya mafi sauƙi ita ce a danna maɓallin fitilun haɗari, mai alamar jan kusurwa uku, domin yana kunna duka gefen biyu tare, kuma yana aiki ko da makulli a cire. A motoci da yawa gudun ƙiftawa yana komawa daidai a wannan yanayi ko da ƙwai ɗaya a mace yake, saboda sauran ukun suna jan wutar da ta wadatar da santiral, don haka kada wannan ya sa a zaci matsala ta wuce. Amma akwai abin lura a nan: idan fitila tana ci lafiya da maɓallin haɗari, ta ƙi ci da sandar sigina, to ƙwai da wayarsa sun kuɓuta daga zargi, galibi laifin yana komawa kan sandar da ke jikin sitiyari.

Fizibil, wato ɗan abin kariya da ke ƙonewa idan wuta ta yi yawa, wanda mutane ke saurin zuwa gare shi, ba shi da hannu a yawancin irin wannan matsala. Idan ya ƙone, sigina ba ta ƙiftawa sam.

Mataki na biyu: ƙwai

A mafi yawan a-kori-kura, Hilux ko L200 ko Navara, ana cire fitilar baya ne ta hanyar sauke ƙofar bodi, a kwance kusoshi biyun da ke riƙe da ita daga ciki, da sukundireba ko sufana mai lamba 10, sannan a ja ta waje a hankali don kada haƙoran robar da ke maƙale ta su karye. Ta gaba kuwa ana kai mata ta ƙarƙashin murfin inji, a bayan babbar fitila. Ana murɗa gurbin ƙwan zuwa hagu kamar rubu'in zagaye, ya fito. Idan ƙwan mai gindin ƙarfe ne, a danna shi ciki a murɗa hagu. Idan mai gindin gilashi ne wanda ake cusawa, a zare shi kai tsaye.

A ɗaga shi sama a dubi siririyar wayar da ke cikinsa. Idan ta tsinke, ko gilashin ya yi baƙi ko fari kamar hayaƙi, an gama magana. Sai dai ido yana yaudara, domin wayar tana iya tsinkewa a can gindinta ta ci gaba da taɓa wurin, ta ci idan mota na tsaye, ta ɗauke idan aka hau hanya mai gargada. Wannan shi ne dalilin da ya sa wasu ke cewa siginarsu lafiya take a gari, amma da sun kama hanyar Abalak sai ta rikice. Gwaji mafi inganci, wanda ba ya cin ko dala, shi ne a musanya: a ɗauko ƙwan gefen da ke lafiya a sa a gefen da ke gudu. Idan matsalar ta bi ƙwai ta koma ɗaya gefen, ƙwan ne. Idan ta tsaya inda take, a mayar da kowanne gurbinsa a ci gaba.

A wurin sayen sabo ne mutane suka fi yin tuntuɓe, kuma ni ma ya faru da ni. Na taɓa dawowa daga Galmi da lodin albasa, siginar dama ta fara gudu, na tsaya a wani shago a bakin hanya aka ba ni ƙwai, ya shiga gurbinsa daram, ya kuma kama. Amma gudun bai ragu ba. Kwana biyu ina zargin santiral, har na kai motar wurin wani dattijo mai gyaran wuta. Ya cire ƙwan, ya goge gindinsa da babban yatsa, ya matso da shi kusa da idonsa, sannan ya miƙo mini ya ce, “Alhaji, karanta da kanka.” An rubuta 12V 10W. Gindinsa ɗaya da na mai wat 21, amma wutar da yake ja ba ta kai rabi ba, don haka a lissafin santiral har yanzu akwai ƙwan da ya mutu.

Saboda haka a karanta rubutun da ke jikin gindin kafin a biya kuɗi. P21W shi ne farin ƙwai mai wat 21, wanda ake sawa a bayan gilashi mai ruwan lemo. PY21W shi ne wanda gilashinsa ke da ruwan lemo, na fitilar da murfinta fari ne, kuma ƴan ƙusoshin gindinsa ba sa fuskantar juna kai tsaye, an karkatar da ɗaya, don haka idan aka tilasta shi cikin gurbin P21W ba ya zama daidai. WY21W shi ne mai gindin gilashi da ake samu a motoci na baya-bayan nan. R10W da R5W suna da gindi irin na P21W, kuma su ne ke jawo irin abin da ya same ni. Akwai kuma ƙwan manyan motoci mai volt 24, wanda ke da yawa a shagunan da ke kan hanyar tireloli kamar Ƙonni da Tsernawa. Idan aka sa shi a motar volt 12 zai yi haske ja-ja marar ƙarfi, sigina kuma ta ci gaba da gudu. Wasu tsofaffin Land Cruiser na dizal tsarinsu volt 24 ne, don haka mai irinsu ya bi abin da motarsa ke buƙata. Mai waya biyu a ciki, P21/5W, na birki da fitilar dare ne. A wasu motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, ƙwai ɗaya mai waya biyu, kamar mai lamba 3157, shi ke yin birki da sigina a baya. A irinsu idan sigina ta fara gudu, a duba fitilar birkin wannan gefe, domin da wuya ba tare suka tafi ba.

Mataki na uku: gurbin ƙwai

Idan sabon ƙwai na daidai ya ƙi ci, ko yana ci yana ɗaukewa, a leƙa cikin gurbin. Ƙurar hunturu tana shiga ta robar da ta bushe ta tsage saboda zafi, sannan ruwan Yuli da Agusta, ko ruwan masu wankin mota, ya zo ya kwaɓa ta, ta zama tsatsa ko wani kore-kore a kan ƙarfen da ke taɓa gindin ƙwai. A kashe makulli, a kankare wurin da samfefa mai laushi ko bakin ƙaramin sukundireba har ƙarfen ya yi ƙyalli, a hure ƙurar. Ɗan harshen ƙarfen da ke tsakiyar gurbin yakan kwanta saboda tsufa, sai a ɗaga shi kaɗan don ya matse ƙwan. Idan robar gurbin ta narke ko ta yi baƙi, alama ce ta cewa an daɗe wuta tana tsallakawa a wurin tana zafi, kuma sauya gurbin gaba ɗaya ya fi gyara shi. Ban yarda da cusa takardar sigari ko guntun waya don matse ƙwai ba, domin abin yana zamewa ya haɗa wuta da ƙarfe.

Mataki na huɗu: mas

Wannan shi ne matakin da ya fi wahalar da mutane, kuma a kansa aka fi sayen kayan da ba su lalace ba. Wutar mota tana tafiya zuwa fitila ta waya ɗaya, tana komawa batir ta ƙarfen motar, kuma wayar da ke haɗa fitila da ƙarfen ita ake kira mas. A a-kori-kura mas ɗin fitilun baya yana ɗaure da kusa a jikin shasi ko bodi, wurin da taɓo da ruwa da girgiza suke taruwa. Idan ya yi tsatsa ko ya saki, wutar sigina ba ta samun hanyar komawa, sai ta nemi wata ta ratsa ƙwan birki ko na fitilar dare. Alamarsa ba ta ɓuya ga wanda ya tsaya a baya ya duba: sigina tana ci da rauni, fitilar kusa da ita tana ƙiftawa tare da ita a dusashe, kuma idan aka taka birki ko aka kunna fitilun dare sai siginar ta canza gudu ko ta ɗauke gaba ɗaya. Don haka a sa yaron mota ya taka birki, maigida yana baya yana kallo.

Tabbatar da shi abu ne mai sauƙi. A samo waya mai tsawo, a ɗaure bakinta ɗaya a kan batir na ragi, wato mai alamar (-), a taɓa ɗayan a wayar mas ta fitilar ko a jikin ƙarfen gurbin, sigina tana kunne. Idan haske ya dawo, gudu ya daidaita nan take, an kama ɓarawo. Mai na'urar awon wuta yana iya auna tsakanin mas ɗin fitila da kan batir na ragi a daidai lokacin da fitilar ke ci. Abin da ya wuce volt 0.2 yana nuna hanyar ba ta da tsabta. Gyaran shi ne a kwance kusar, a kankare ƙarfen shasi da zoben wayar har su yi fari, a ɗaure sosai, sannan a shafa giris a kai don hana ruwa. Motar da aka yi wa sabon fenti ko aka sauya mata bodi tana yawan samun wannan matsala, saboda ana mayar da mas a kan fenti, fenti kuwa ba ya wuce wuta.

Mataki na biyar: waya

Idan ƙwai lafiya, gurbi tsaf, mas daram, sai a tambaya ko wuta tana isowa. Fitilar gwaji, wato ƙaramin ƙwai mai waya da tsinke, ta fi na'urar awo amfani a nan, domin lambobin na'ura ba sa tsayawa a kan wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. A maƙale wayarta a ƙarfe mai tsabta, a taɓa tsinken a tsakiyar gurbin. Idan ta ƙifta da ƙarfi, wuta na zuwa. Idan ba ta yi ba, a bi wayar baya zuwa gaba. A a-kori-kura damin wayoyin baya yana bin gefen shasi, kuma akwai mahaɗa kusa da bamba ta baya wadda ke cika da laka. A cire ta, a wanke, a busar, a gwada kowane ɓangare. Wuraren da na fi samun rauni su ne inda mai walda ya yi aiki lokacin ɗora ƙarafan lodi, inda waya ke gogar kaifin ƙarfe, da inda wani ya fere ta a baya don jan wutar ƙarin fitilu ko ta tirela ya naɗe da tef. Kafin a yanke ko a haɗa kowace waya, a cire kan batir na ragi. Haɗin da aka yi da dalma aka rufe da kyau shi ke jure hanyar Keita da Bouza. Wanda aka murɗa da hannu kawai yakan saki kafin damina ta fita.

Batun ƙwayayen LED

Yanzu kasuwa ta cika da waɗannan ƙwayaye na zamani marasa siririyar waya a ciki, kuma suna da haske da ƙarko idan an dace da masu kyau. Sai dai wutar da suke ja kaɗan ce ƙwarai idan aka kwatanta da amfiya 1.75 da ƙwai mai wat 21 ke ja, don haka santiral tana lissafa su a matsayin matattu ko da suna haskawa. Wanda siginarsa ta fara gudu a ranar da ya sa su ba ya buƙatar wani bincike. Mafita uku ce. Ana iya komawa ga ƙwayayen asali. Ana iya sauya santiral da wadda aka yi don LED, muddin motar tana da santiral mai cirewa kuma ƙafafunta sun yi daidai, domin akwai mai ƙafa 2, mai 3, da mai 8 da ake samu a Toyota da dama. Ana kuma iya haɗa wa kowane ƙwai abin da ke shan wuta, rezistans mai om 6 da wat 50, tsakanin wayar sigina da mas. Wannan na ukun yana shan sama da amfiya 2, yana kuma yin zafin da zai narkar da roba, saboda haka dole a ɗaure shi da kusa a jikin ƙarfe, nesa da wayoyi da bututun mai.

A ganina, ga motar da ke neman abinci a kan hanya, ƙwan asali ya fi. Rezistans da yawancin santiral na LED suna sa gudun ya zauna daidai ko fitila tana ci ko ba ta ci, wato ranar da LED ɗin ya mutu babu abin da zai sanar da direba. Wanda ya zaɓi hakan ya ɗora wa kansa zagaya motarsa kowace safiya kafin ya tashi.

Mataki na ƙarshe: santiral, sanda, da caji

Sai an wanke duk abubuwan da suka gabata ake taɓa santiral. Ana gano inda take ta hanyar kunna sigina a bi ƙarar da kunne, a ɗora yatsa a ji bugunta. Idan za a gwada, a aro irinta sak daga mota iri ɗaya kafin a saya. Tsofaffin motoci kamar Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya suna iya ɗauke da santiral ta da, mai aiki da zafi, kuma halinta daban ne: idan ƙwai ya mutu takan rage gudu ko fitilar ta tsaya a kunne, tana ƙara gudu ne idan wuta ta yi yawa, kamar an ƙara fitilu ko waya tana taɓa ƙarfe. A sababbin motoci da yawa kuwa babu santiral mai cirewa, kwamfutar motar ce ke aikin, ƙarar ma daga tablo take fitowa. A irinsu kada a bari kowa ya shiga yankan wayoyi da ka, a kai wa mai na'urar karanta kwamfuta.

Sandar sigina tana cin ƙura a cikinta, kuma alamarta ita ce gudun yana canzawa idan aka ɗan motsa ta ko aka riƙe ta da hannu. A motocin da sitiyarinsu ke da jakar iska, wadda ke kumbura don kare direba idan an yi haɗari, a cire batir a jira ƴan mintuna kafin a buɗe murfin wurin. Yana da kyau kuma a auna batir: wajen volt 12.6 idan inji a kashe yake kuma cajinsa cike, tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Idan awon ya haura 15, na'urar caji tana ba da wuta fiye da kima, kuma wannan ne ke sa mutum ya sauya ƙwai yau, bayan mako biyu ya sake ƙonewa.

Idan matsalar ta riski direba a hanya babu kayan gyara, ya rage gudu tun daga nesa, ya yi ishara da hannu ta taga: miƙaƙƙen hannu don hagu, hannu a lanƙwashe sama don dama, ya kuma guji tafiyar dare, lokacin da ba a ganin hannun. Bayan an gama gyara, kafin a ɗaure fitila a mazauninta, a gwada hagu, dama da fitilun haɗari, a sake gwadawa da birki a take da fitilun dare a kunne, inji yana aiki. A duba robar da ke kewaye da gurbin, idan ta tsage a sauya ta, sannan a ajiye ƙwai biyu masu wat 21 da ɗaya mai wat 5 a akwatin tablo, a naɗe cikin tsumma don girgiza kada ta tsinka su.